KAFIN KU YI GUƊAR MAI, KU JI LABARIN OGONI

Wanda aka miƙa wa takardar nan don ya karanta wa sauran, muna roƙonsa ya ɗaga murya, ya bi sannu sannu, don tsofaffi da matan da ke bayan zana su ji da kunnensu.

Kun sani a watan Nuwamba na 2022 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya je Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, ya ƙaddamar da aikin haƙar mai. A 2023 aka kafa injin haƙa a ƙasar Obi ta Jihar Nasarawa, aka kuma koma nema a Barno. Tun daga lokacin, duk ɗan takarar da ya hau mumbari a ƙasashen nan sai ya ce muku arziki ya zo, Arewa ta sami nata. To, madalla, ba wanda ke gudun arziki. Amma akwai waɗanda aka yi wa wannan albishir kusan shekara 70 da suka wuce, manoma ne da masunta kamarku, kuma ya kamata ku san yadda ta kaya da su kafin ku dangwala wa kowa.

A 1956 kamfanin Shell, na Turawan Ingila da Holan, ya sami mai a wani ƙauye da ake kira Oloibiri, cikin Jihar Bayelsa ta yanzu. A 1958 aka fara lodinsa a jirgin ruwa zuwa Turai, kuma a shekarar ce aka fara haƙa a ƙasar Ogoni, gabas da Fatakwal. Ogoni ƙaramar ƙabila ce, ƙananan hukumomi huɗu kacal: Khana, Gokana, Tai da Eleme. Doya da rogo suke nomawa, su kama kifi a rafuka. Abin da suka gani shi ne bututu ya ratsa gona, ya bi ta ƙofar gida, ga wata wuta a kan dogon ƙarfe tana ci dare da rana. Wutar nan iskar gas ce da ke fitowa tare da mai, kamfani ya ga ƙone ta ya fi masa arha. Doka ta hana ƙona ta tun daga 1984, in ban da wanda minista ya ba izini, wata babbar kotun tarayya a Benin ta kuma yanke a 2005 cewa ƙona ta tauye haƙƙin rayuwar mutane ne. Har yau ba a daina ba. Akwai yaran da aka haifa kusa da wutar nan, suka girma, suka yi jikoki, ba su taɓa sanin duhun dare na sosai ba, alhali cikin ɗakunansu aci-bal-bal suke kunnawa.

Kada wani ya ce muku kamfanin bai yi komai ba. Ya yi. Ya gina azuzuwan makaranta, ya gina ƙananan asibitoci, ya haƙa famfo, ya biya wa ɗalibai kuɗin karatu har jami'a, kuma duk shekara yakan buga littafi mai hotuna masu sheƙi yana lissafa alherin da ya yi. Turawa suna da suna ga wannan, suna cewa wai alhakin da ke kan kamfani ne game da jama'ar da yake zaune cikinsu. Mu dai abin da muke cewa shi ne a ɗora alherin a ma'auni ɗaya, a ɗora ɓarnar a ɗayan. In mutum ya saki shanunsa suka cinye maka gona ƙarƙaf, sa'an nan ya aiko maka da ƙwaryar nono ranar salla, kai ka san sunan abin da ya yi.

Ku ji abin da ya faru a Umuechem, wani gari na ƙabilar Etche a Jihar Ribas. A ƙarshen Oktoba na 1990 mutanen garin suka fito zanga-zanga kusa da ma'aikatar Shell, suna neman ruwa da wuta da hanya. Wani manajan kamfanin ya rubuta wa kwamishinan 'yan sanda takarda yana neman a turo 'yan sandan kwantar da tarzoma, waɗanda muke kira mobal. Aka turo su. Kafin ƙura ta lafa an kashe mutum wajen 80, an rushe ko an ƙone gidaje 495. Kwamitin shari'a da gwamnatin jihar ta kafa ya bincika, ya ce mutanen ba su zo da niyyar kai hari ba, ya ɗora laifi kan 'yan sanda. Ba a hukunta kowa ba.

A shekarar nan ta 1990 ce mutanen Ogoni suka kafa ƙungiyarsu, MOSOP, suka rubuta takardar buƙatunsu suka aika wa gwamnatin soja. Jagoransu wani marubuci ne, Ken Saro-Wiwa, wanda masu talabijin a wancan zamani suka sani da wasan kwaikwayo na ban dariya. Ran 4 ga Janairu 1993 mutum wajen 300,000 suka fito, suna riƙe da ganye, ba bindiga ba adda. A shekarar Shell ta janye ma'aikatanta daga rijiyoyin Ogoni, amma ta bar bututunta yana ratsa ƙasar ɗauke da man wasu wurare. Gwamnati kuwa ta kafa runduna ta musamman ƙarƙashin wani hafsa, Paul Okuntimo. Abin da rundunar nan ta yi a ƙauyukan Ogoni, na kisa da ƙone-ƙone da keta mutuncin mata, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun rubuta shi dalla-dalla, ba abin karantawa gaban yara ba ne.

Ran 21 ga Mayu 1994 wasu gungun matasa suka kashe manyan Ogoni huɗu a Gokana, waɗanda suka saɓa da Saro-Wiwa kan yadda za a tafiyar da gwagwarmayar. Kisan gilla ne, su ma suna da 'ya'ya da mata, kuma wajibi ne a bi musu kadi. Amma a ranar jami'an tsaro sun tare Saro-Wiwa a hanya sun mai da shi, ba ya wurin. Duk da haka aka kama shi, aka kafa kotu ta musamman wadda ba a ɗaukaka ƙara daga hukuncinta. Biyu daga cikin shaidun gwamnati suka dawo suka yi rantsuwa cewa sayensu aka yi, har da alkawarin aiki a Shell. Kamfanin ya musanta wannan. Ran 10 ga Nuwamba 1995 aka rataye shi da mutum takwas a kurkukun Fatakwal. Duniya ta ɗauka, aka dakatar da Nijeriya daga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila. Shell ta ce ta rubuta wa shugaban ƙasa ta roƙi a yi musu sassauci. Wataƙila ta rubuta. Amma cikin 'yan makonni da ratayewar ta ci gaba da ƙulla babbar yarjejeniyar gas ta Bonny da gwamnatin nan dai.

Wani zai ce ai shugaban ƙasa na lokacin, Janar Sani Abacha, namu ne, mutumin Kano, don haka a bar kaza cikin gashinta. Haba jama'a. Gwamnatin da ta rataye 'yan Ogoni ita ce ta ɗaure Shehu Musa 'Yar'aduwa, ya rasu a kurkukun Abakaliki a watan Disamba na 1997. Ranar da mai mulki ya saba da kashe mai magana, ba ya tsayawa tambayar ƙabilarsa. A watan Yuni na 2025 Shugaba Tinubu ya ce ya yi wa mutum taran nan afuwa, ya ba su lambar girma. 'Yan uwansu suka ce afuwa ta mai laifi ce, su wankewa suke nema.

Iyalan waɗanda aka rataye sun kai Shell ƙara Amurka, suna zarginta da haɗa baki da soja. Shekara 13 ana jan maganar. A watan Yuni na 2009, ana gab da fara sauraron shaidu a birnin New York, kamfanin ya biya dala miliyan 15 da rabi, ya ce bai amsa laifi ba, wai don a zauna lafiya ya bayar. Wasu zawarawan mamatan suka gwada a Holan, kotu ta kori ƙararsu a 2022, ta ce hujja ba ta isa ba. Mun faɗa muku wannan don ku san ba kotun da ta taɓa kama kamfanin da laifin ratayewar. Maganar ƙasa da ruwa kuwa daban take, nan kam akwai hujja har ta yi yawa.

A watan Agusta na 2011 hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da sakamakon binciken da ta yi a ƙasar Ogoni, bisa gayyatar gwamnatin Nijeriya kanta. Masana sun shafe fiye da shekara suna ɗibar ƙasa da ruwa suna aunawa. A wata unguwa ta garin Ogale suka tarar mutane suna shan ruwan rijiya mai ɗauke da wani guba, benzin, wanda ke kawo ciwon daji, ninki 900 a kan abin da likitocin duniya suka ce jiki zai iya ɗauka. A ƙarƙashin ƙasa suka tarar mai yana yawo a kan ruwan da ke shiga rijiyoyin, kaurinsa santimita 8, kamar yatsu huɗu a jere. A wurare da yawa man ya nutse cikin ƙasa ya kai mita 5, kusan gaba uku ke nan. Duk wanda ya taɓa haƙar rijiya ya san abin da ake nufi. Wasu wuraren da kamfani ya rubuta cewa ya gyara, da aka tona sai ga mai. Suka ce gyaran zai ci shekara 25 zuwa 30, a fara da dala biliyan 1. Sai a 2016 gwamnati ta yi bikin fara aikin, kuma tun daga nan ake ta ƙorafin an ba da kwangiloli ga waɗanda ba su san aikin ba. Can Bayelsa kuma, inda aka fara samun man, kwamitin da gwamnatin jihar ta kafa ya ce a 2023 ana bukatar dala biliyan 12 kafin ƙasarsu ta gyaru.

Labarin da muke so ku riƙe da kyau shi ne na Bodo, don ya yi kama da abin da kuka sani. Bodo garin masunta ne a Gokana, mutum wajen 69,000. A 2008 bututun Shell ya fashe har sau biyu, mai ya yi makonni yana kwarara cikin rafukansu ba a toshe ba. Kifi ya mutu, itatuwan bakin ruwa suka bushe, komar masunci ta zama ba ta da amfani. Me aka fara kawo musu? Buhu 50 na shinkafa, buhu 50 na wake, da 'yan kwalayen sukari da tumatir da man gyaɗa. Ku raba buhu 50 ga mutum 69,000 ku gani ko kowa zai sami ko cikin gwangwani. Daga baya, in ji lauyoyinsu, aka yi musu tayin fam 4,000 na Ingila, gari duka. Suka ƙi. Suka sami lauyoyi a Landan suka kai ƙara can. A gaban kotu kamfanin ya yarda cewa lissafin da ya bayar na yawan man da ya zuba ya gaza gaskiya, takardunsa na cikin gida kuma suka nuna tun 2002 ma'aikatansa sun yi gargaɗi cewa manyan bututun sun tsufa. A watan Janairu na 2015 ya biya fam miliyan 55: miliyan 35 ga masunta 15,600, miliyan 20 ga gari. Da sun karɓi shinkafar nan sun sa hannu, da shi ke nan. Ku tuna da wannan ranar da mota ta tsaya ƙofar gidan mai unguwa da buhunan shinkafa da atamfa ana saura kwana uku zaɓe.

Haka wasu manoma huɗu daga Oruma da Goi da Ikot Ada Udo suka shigar da ƙara a Holan a 2008. Sai a Janairu 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta ba su gaskiya a kan yawancin ƙarar, a ƙarshen 2022 aka daidaita kan yuro miliyan 15. Wasu cikinsu ba su ga ranar ba, 'ya'yansu ne suka gaji shari'ar kamar yadda ake gadon gona. Ku tambayi kanku me ya sa talakan Nijeriya sai ya haye teku kafin ya sami alƙalin da hukuncinsa zai yi aiki.

Kamfanin yana da tasa amsar, kuma adalci ne mu faɗe ta. Yana cewa yawancin malalar mai ɓarayi ne ke huda bututu, su sace ɗanyen mai su dafa shi a daji. Satar gaskiya ce, tana nan, ta kuma ƙara lalata ƙasar, kuma ba yaran ƙauye kaɗai ke yin ta ba, don yaron ƙauye ba shi da jirgin ruwan dakon mai. Amma ku lura da inda gizo ke saƙa. A doka, in aka ce huda bututu aka yi, kamfani ba ya biyan diyya. Wa ke faɗin ko hudawa aka yi ko tsatsa ce ta ci ƙarfe? Ayari ne ke zuwa dubawa, da jami'in gwamnati da wakilin gari da mutanen kamfani. Sau da yawa kamfanin ne ke da jirgin da za a shiga, shi ke da na'urar awo, shi ke da injiniyan da ya san abin da ake dubawa. An ba kura jiran akuya ke nan.

Kada kuma ku ɗora laifin duka a kan Bature. A cikin haɗin gwiwar da Shell ta gudanar a tudu har zuwa 2025, kamfanin mai na gwamnatin Nijeriya ne ya riƙe kashi 55 cikin 100, Shell ta riƙe 30, sauran kuma na kamfanonin Faransa da Italiya. Wato a duk gangar da ta fito, gwamnatinmu ce mai babban rabo. Mai kason da ya fi kowa shi ne kuma aka ce ya zama ɗan sanda, ya zama alƙali. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A watan Maris na 2025 Shell ta kammala sayar da kamfaninta na tudu ga wata ƙungiyar kamfanoni mai suna Renaissance, ta koma haƙa can cikin teku inda ba gonar kowa. Tsoffin bututu da gurɓatacciyar ƙasa suna nan inda ta bar su, mutanen Ogale da Bille kuma, waɗanda kotun ƙolin Ingila ta ba izinin yin ƙara a 2021, suna bin sawunta a Landan.

To, me ya haɗa wannan da kai, manomin Alkaleri ko Akko, ko makiyayin da ke shayar da garkensa a Gongola? Dokar da ta hau kan mutumin Ogoni ita ce a kanka. Tsarin mulki ya ce duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa na Gwamnatin Tarayya ne. Dokar ƙasa ta 1978 ta sa filaye a hannun gwamna, yana iya karɓe gonarka in ya ce don amfanin jama'a ne, abin da za a lissafa maka shi ne shuka da itace da gini. Gonar da ka gada tun kaka da kakanni sai a ƙirga maka kukoki da ɗorawa a ba ka kuɗin da ba zai kai ka baɗi ba. Mu kuma nan ruwa ne tsadarmu. Su can suna da rafi ko'ina, duk da haka suka rasa na sha. Garin da ke da rijiya ɗaya tak, mutane da dabbobi duk a kanta, in mai ya shige ta ina za su? Mutanen Jos ma shaida ne: kamfanonin kuza sun kwashe sun tafi, suka bar musu ramuka cike da ruwa suna cin yara da shanu.

A 2021 aka yi sabuwar dokar man fetur. Ta ce kowane kamfani ya ware kashi 3 cikin 100 na kuɗin da ya kashe wajen gudanar da aiki a shekarar da ta gabata, a zuba a asusun garuruwan da yake aiki a ƙasarsu. Wannan ci gaba ne, don abin da a da yake kyauta yanzu ya zama haƙƙi. Amma kamfanin ne ke kafa kwamitin amintattun da zai riƙe asusun, bayan ya ce ya yi shawara da ku. Akwai kuma sashen da ya ce in aka lalata kayan kamfani a yankinku, daga kuɗinku za a cire na gyara, ko da ɓarawon daga wata uwa duniya ya zo. Wato an mai da gari duka mai gadi ba albashi, in an yi sata kuma shi ke biya. 'Yan majalisar da kuka zaɓa ne suka amince da wannan, kuma 'yan majalisa ne kaɗai ke iya gyara shi.

Saboda haka in ɗan takara ya zo, ko na wace jam'iyya ne, har da tamu, ku bar shi ya gama kirarinsa, sa'an nan dattijo ɗaya ya miƙe ya tambaye shi. In ya je majalisa, zai nemi a soke sashen nan da ke cin gari tara saboda laifin ɓarawo? Wa zai zaɓi mutanen da za su riƙe asusun gari, mu ko kamfani ko gwamna? In bututu ya fashe, wa zai auna ɓarnar, kuma da kuɗin wa zai zo? Wanda ya ce muku wannan maganar ta fi ƙarfin talaka, a bar wa manya, kun ji amsarsa ke nan. Wanda ya amsa, ku sa malamin makaranta ya rubuta abin da ya faɗa, da rana da wata, a gaban shaidu.

Akwai kuma abin da ba sai kun jira zaɓe ba. Abin da ya fi wahalar da mutanen Ogoni a kotu shi ne tabbatar da yadda ƙasarsu take kafin mai ya zuba, da kuma yawan abin da ya zuba. Don haka duk garin da aka fara ganin masu awo suna kafa turaku, ku haɗa kuɗi ku ɗebi ruwan rijiyoyinku a kwalba mai tsabta, ku kai jami'a ko ma'aikatar ruwa a auna, a ba ku sakamako a rubuce da hatimi. Ku auna gonakinku, ku ƙirga itatuwa, ku ɗauki hoton fadama da burtali da mashaya, yaranku duk suna da waya. Kada mutum ɗaya ya sa hannu a takardar kamfani a madadin gari, komai rawaninsa, sai an karanta ta da Hausa a bainar jama'a. Takardun kuma a yi su uku, ɗaya wurin dagaci, ɗaya wurin liman, ɗaya wurin shugabar mata.